Audugar Kaura Tunau

A shekara ta huɗu ta sarautar Sarki Barmo a Birnin Kwargaba, ana tsakiyar damina, Gazamawa suka ƙetaro Gulbin Sansami cikin jirage, suka ƙone ƙauyuka biyar na bakin iyaka, suka kashe jakadan da Sarki ya aika ya ji dalili. Sarki ya sa aka buga tambari. Kwana uku hakimai suna shawara a fada, kuma duk tsawon kwanakin nan ba a sami mutum ɗaya da ya ce a aika a kira tsohon Kaura Tunau ba, ko don a ji ta bakinsa. Ni dai duk sa'ad da na zo nan a labarin sai raina ya ɓaci.

Tunau ya riƙe sarautar Kaura, wato shugaban mayaƙan Kwargaba, shekara talatin da huɗu. A cikin 'yan baka ya fara, ƙafa ko takalmi babu. Ya fita yaƙi sha tara a ƙarƙashin sarakuna uku, ya bar yatsu biyu a wani fagen, ya dawo da ɗingishi daga wani. Amma abin da ya ɗaukaka sunansa guda ɗaya ne. Shekara talatin kafin wannan, gulbi ya cika ya batse, Gazamawa sun saki jiki a wancan gefe domin kowa ya san doki mai lifidi ba ya shiga ruwa. Lifidi kuwa rigar nan ce mai kauri ta doki da mahayinsa, wadda ake cusa wa auduga don kada kibiya ta huda. Da tsakar rana Tunau ya shiga gulbi a gaba, 'yan lifida ɗari uku suka bi shi, suka fita wancan gefe ba a rasa ko mutum ɗaya ba. Kafin la'asar Sarkin Gazama ya nemi sulhu.

Tun daga ranar maroƙa suka laƙa masa kirari: mai shiga gulbi da lifidi, ruwa ya ba ka hanya. Mutane suka ce asiri ne. Tunau bai taɓa cewa e ba, bai taɓa cewa a'a ba. In an tambaye shi sai ya shafa gemu ya yi murmushi, ya kawo wani zance.

Da Barmo ya hau gadon mahaifinsa, sai Galadima Anaruwa, wanda ya shekara ashirin yana cizon yatsa a bayan Tunau, ya fara raɗa wa sabon Sarki cewa idon Kaura ya yi rauni. Aka tara jama'a, aka yi masa godiya mai tsawo, aka ba shi riga da alkyabba da gandu a Rafin Ɗinya, tafiyar rabin yini daga birni. Rawanin kuma aka naɗa wa ɗansa Arzika, don a toshe masa baki. Wa zai yi ƙorafi an naɗa ɗansa? Tunau ya yi godiya, ya tattara kayansa da uwargidansa Tabawa, ya koma ƙauye. Mutumin da in ya ɗaga hannu dawaki dubu ke tsayawa, ya koma yana sa-in-sa da birai a kan dawa, kuma sau da yawa birai ke yin nasara.

Auduga ce ta karɓe shi. Ƙasar wurin baƙa ce mai riƙe ruwa, shi kuma ya sa wa noman irin zafin da ya saba sa wa yaƙi. Kowace kaka sai ya ɗora wa jakuna arba'in auduga fara fat, ya aika wa Sarki gaisuwa. A ransa yana so a riƙa tunawa da shi a fada, ko da jakuna ne za su riƙa faɗin sunansa. Ana aiko masa da goro da godiya. Bai taɓa tambayar abin da ake yi da audugar ba.

Ranar Asabar ɗin da runduna ta fita birni, da azahar, Barde Rabo ya sauka a ƙofar gidansa. Rabo tsohon barde ne, yana cikin ɗari ukun da suka ƙetare gulbi a bayan Tunau. Ya durƙusa ya yi gaisuwa, aka kawo masa ruwa, sannan ya isar da saƙo.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, Kaura Arzika ya ce a gaishe da Baba, a gaishe da Inna. Ya fita yau da hantsi da tutar Sarki. Ran Talata da safe, in Allah ya yarda, zai shiga gulbi ta mashigin da ka shiga, da 'yan lifida ɗari biyar. Ya ce yana neman albarka, ko da yake, in ji shi, albarkar Baba tana jikinsu tun yanzu."

Tunau ya ce, "Tana jikinsu ta yaya?"

"Ai sababbin lifidan nan duka da audugarka aka cusa su. Sarki ya ce audugar mai shiga gulbi ba a yi mata zare. Shekara uku Sarkin Lifidi yana ɗinki da ita."

Tsoho ya tashi da ɗingishinsa ya shiga rumbu, ya fito da auduga cike da hannu, ya jefa cikin ƙwaryar ruwan da aka kawo wa baƙo, ya danna ta da yatsunsa uku. Ta sha ruwa, ta yi duhu, ta kwanta a gindin ƙwarya. Tabawa tana bakin ƙofa tana kallo.

Ta ce, "Kaura, lafiya?" Har yanzu haka take kiransa.

Ya dubi Rabo. "Ranar da muka ƙetare, me ka ji a jikinka?"

"Na ji kamar an ɗauke ni ne, ni da dokina. Mun san aikin layun da ka sa aka ɗinka mana a ciki ne."

"Babu laya ko ɗaya, Rabo. Na karɓe lifidanku wata guda kafin yaƙi, na kai wa wani tsohon maɗinki, Allah ya ji ƙansa, ya zazzage audugar gona ya cusa audugar rimi. Audugar rimi ba ta shan ruwa, tana ɗaga abin da ke cikinta. Ita ta ɗauke ku. Ni da shi kaɗai muka sani, shi kuma ya rasu a shekarar da aka yi yaƙin."

Tabawa ta zauna a ƙasa inda take tsaye. Ta ce, "Shekara talatin muna kwana ɗaki ɗaya, ko ni ba ka gaya wa ba. Ɗana fa, Kaura?"

Tunau ya ce, "A ɗaura mini sirdi."

To, da akwai wata doka a rundunar Kwargaba. In mayaƙa suka wuce ƙofar gari da tuta, ba saƙon da ke isa kunnen Kaura sai wanda ya zo da zoben Sarki. Duk wanda ya biyo runduna da wata magana ba zobe, 'yan baya ne ke kama shi su ɗaure a wurin kaya har a gama yaƙi, don kada a shigo wa mayaƙa da tsoro. Tunau ne ya kafa dokar nan da kansa, kuma ya sha yin alfahari da ita. Saboda haka dole ya bi ta fada. Rabo ya ce shi dai zai wuce ya gwada sa'arsa, in an ɗaure shi an ɗaure.

Ran Lahadi da hantsi tsohon Kaura ya tsaya a ƙofar fada, tufafinsa duk taɓo. Sallama, mai iso wurin Sarki, ya tarbe shi da ladabi, har da rusunawa.

Ya ce, "Baba, ka fi ni sanin al'ada. Wanda ya yi murabus ba ya shiga majalisa ana cikin yaƙi sai an kira shi. Amma zan kai magana."

"Ka ce rayukan mutum ɗari biyar ne."

Sallama ya shiga. Galadima Anaruwa ne ya tare shi a soro na biyu, ya ji saƙo, ya ce kada a dami Sarki, tsoho ne kewar ganga ta taso shi. Aka fito wa Tunau da tabarma da ƙwaryar fura. Ya zauna a ƙofar da ya shekara talatin da huɗu yana shiga ba tare da ya rage tafiya ba. Hakimai suna wucewa suna gaishe shi, kowa ya ji maganarsa sai ya ce to, to, Allah ya kyauta, ya shige. Ya aika sau huɗu. Aka yi azahar, aka yi la'asar, majalisa ta watse, Sarki ya shiga cikin gida. Furar tana nan bai taɓa ba, ƙudaje suka gaje ta.

Litinin ita ce ranar da Sarki ke jin ƙarar talakawa. Da sassafe Tunau ya tuɓe alkyabba, ya warware rawaninsa ya bar hula kawai, ya je ya tsuguna a layin masu ƙara, tsakanin wata mata da aka cinye wa gona da wani mahauci. Sallama ya gan shi ya kau da kai don kunya. Da layi ya zo kansa, ba mai ikon hana shi, domin wannan ma al'ada ce.

Ya faɗi ya yi gaisuwa. Dogarai suka ce, "Sarki ya gaishe ka." Sarki Barmo ya ɗago, ya gane shi, ya gyara zama.

"Baba Tunau, kai ne a layin ƙara? Wa ya taɓa ka?"

"Allah ya ja zamanin Sarki. Ƙara na kawo, kuma ƙarar Kaura Tunau na kawo. Ina tuhumarsa da sata. Ya saci aikin wani tsohon maɗinki da aikin itacen rimi, ya bari ana kiransu jarumtakarsa. Shekara talatin ana yi masa kirari yana jin daɗi, bai ce a gyara ba, don yana so a ce shi daban ne a cikin maza. Yau satar ta kai inda za ta ci ɗansa da dawakin Sarki ɗari biyar. Gobe da safe za su shiga gulbi da lifidin da zai ja su ƙasa." Daga nan ya zayyana komai, bai rage wa kansa ko kaɗan ba.

Galadima Anaruwa ya gyara alkyabba, ya nemi izini.

Ya ce, "Allah ya ba ka nasara. Ba mai musun darajar dattijon nan, ni ne na farkon masu shaida. Amma Zaki ya duba. Mutum ɗari uku sun ƙetare, duk sun ce laya ce. Kakanninmu sun ji, iyayenmu sun faɗa, maroƙa sun rera. Yau mutum ɗaya ya zo, a ranar da ɗansa zai yi abin da zai shafe nasa, ya ce duk ƙasa ta yi kuskure. Shaidarsa guda ce, kuma tana kabari. Zuciyar tsufa aba ce mai wuya, ranka ya daɗe. In aka juyo da tuta daga bakin gulbi a kan maganar auduga, Gazamawa za su yi ta yi mana dariya har jikokinsu."

Wasu hakimai suka gyaɗa kai. Abin da ya fi ciwo shi ne, maganar Galadima ta fi kama da gaskiya. Tunau ya yi shekaru yana gina ƙaryar nan da kyau, yanzu ta fi ƙarfinsa.

Ya ce, "Galadima, ka ce ina hassadar ɗana. Na yafe maka, ba ni da lokacin fushi. Allah ya ja zamanin Sarki, kada a yarda da ni. A kira Sarkin Lifidi, a kawo lifidi ɗaya, a kai shi komin da dawaki ke shan ruwa."

Aka kira Cindo, Sarkin Lifidi. Sarki ya tambaye shi wace auduga ce a cikin lifidan da suka fita.

Cindo ya ce, "Ranka ya daɗe, auduga ce."

"Ta rimi ko ta gona?"

"Ta gona, ta gandun Kaura. An ce mini a sa auduga, na sa auduga. Ban taɓa jin an ce da bambanci ba, sai dai ta rimi mukan bar wa mata su yi matashin kai."

Sarki ya tashi da kansa, abin da ba a saba gani ba, majalisa duk ta bi shi zuwa barga. Dogari ɗaya ne ya ɗauko lifidin a kafaɗa, ya tsoma a komi. Aka bar shi gwargwadon yadda mutum zai yi alwala. Sarki ya ce a fito da shi. Dogarin ya ja, ya kasa. Na biyu ya kama masa, suka kasa. Sai da mutum huɗu suka taru, sannan suka jawo shi ƙasa, yana zubar da ruwa kamar an soke salka.

Fuskar Sarki ta canza. Ya juya wajen Tunau. "Yaushe ka iso birni?"

"Tun jiya da hantsi nake ƙofarka."

Sarki ya dubi Sallama. Sallama ya dubi Galadima. Galadima ya dubi ƙasa. Kowa a wurin ya san kwanakin Anaruwa a majalisa sun ƙare, kuma a wannan sa'ar ba wanda ya damu da haka. Sarki ya zare zobensa, ya ce a kira barde mafi gudu.

Tunau ya miƙa hannunsa mai yatsu uku. "A ba ni. Na san inda hanya ta yanke ta Fadamar Kuka, su ba su sani ba."

"Baba, shekarunka saba'in."

"Ɗana ne, ranka ya daɗe."

Aka ba shi dawaki uku na canji da barade shida. Tafiyar da runduna ke yi a kwana uku, shi ya ce zai yi ta a yini da kwana. Doki na farko ya faɗi a fadama, na biyu ya gurgunce da asuba. Cinyoyinsa suka sale har jini ya ɓata sirdi, ya sa aka ɗaure shi da rawani a jikin dokin don kada ya faɗo. Baradan nan shida, majiya ƙarfi, huɗu suka sare a hanya. Da a ce ran Lahadi aka ba shi zoben, da ya iske su suna sansani suna gyara ɗamara. Ya hau tudun da ke kallon Gulbin Sansami ran Talata, rana ta ɗan karkata.

Ba ganga, ba kakaki. Dakaru da 'yan baka suna zaune a gaɓa birjik, kowa ya haɗa kai da gwiwa. Gulbi yana tafiyarsa. Can wancan gefe Gazamawa sun jeru suna kallo, ko kibiya ɗaya ba su ɓata ba.

Sarkin Baka, wani dogon mutum mai suna Nomau, shi ne babban da ya rage. Ya zo ya kama linzami, suka kwance tsoho suka sauke shi. Nomau ya ce da hantsi aka shiga. Kaura Arzika ne a gaba, yadda aka ce mahaifinsa ya yi. Har tsakiyar ruwa lafiya lau, maroƙa suna ta kirari daga gaɓa. Daga nan dawaki suka fara nitsewa sahu sahu, na baya suna tura na gaba. Mutum arba'in da ɗaya ne suka sami yanke igiyoyin lifidinsu suka fito.

Aka kwanto Rabo daga wurin kaya. Tun ran Litinin yake ɗaure, ya yi ta ihu har muryarsa ta tafi, masu gadinsa suna ce masa su doka suke bi. Ya zo gaban Tunau yana motsa baki, ba abin da ke fita.

Tunau ya ce, "Ina yake?"

Saiwar wata gawasa ce ta tare Arzika, can ƙasa da mashigi. Mutum shida suka jawo shi tudu. Kwalkwalinsa ya tafi, amma fuskarsa ba ko ƙwarzane, sai yashi a gemu. Tsoho ya durƙusa, ya share yashin da hannu, ya karɓi wuƙa ya farke lifidin daga wuya har ƙasa don a fito da shi. Audugar ta ɓullo jiƙe sharaf. Ya san ta. Shi ya zaɓi irin, shi ya tsaya a kan masu tsinka don kada a haɗa da datti. Ya ɗora goshinsa a kan ƙirjin ɗansa, ya yi kuka irin wanda mayaƙan nan ba su taɓa zaton yana da shi ba, wasunsu suka juya baya don kada su gani.

Yana nan a haka wani ɗan leƙe ya sauko daga tudu a guje, ya ce Gazamawa suna tura jirage ruwa, sun fi sittin. Nan take gaɓa ta rikice, wasu dakaru suka fara jefar da garkuwa. Nomau ya durƙusa a gefen tsoho.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, zoben Sarki yana hannunka. Ba mu da Kaura. In muka watse yanzu, ba abin da ke tsakaninsu da birni."

Tunau ya ɗago ya dubi zoben, kamar bai san yadda aka yi ya zo yatsansa ba. Shekara huɗu yana mafarkin ranar da za a sake durƙusa masa a ce ya ba da umarni. Ga ta ta zo.

Wasu barade suka jawo doki, suka ce za su ɗora gawar su kai wa Inna Tabawa, ko ta ga fuskarsa.

Tunau ya ce, "Dokin nan zai ɗauki mai rauni biyu. Ku ɗora musu. Shi ku haƙa masa a nan, a tudu, inda ruwa ba ya kaiwa. Rabo, ka tsaya a kansa." Ya dafa kafaɗar Nomau ya miƙe. "'Yan baka nawa ne gare ka?"

"Ɗari bakwai."

"Ka raba su uku. Kada kowa ya saki kibiya sai jirgi ya zo inda zai ga idon matuƙi."

Mutum bakwai ne suka yi wa Kaura Arzika salla, mahaifinsa ba ya cikinsu. Yana bakin gaɓa yana ɗingishi daga sahu zuwa sahu, yana jera mutane, muryarsa ta dawo yadda tsofaffin mayaƙa suka san ta, waɗanda suka jefar da garkuwa suna komawa suna ɗauka. Waɗanda ke kusa da shi sun ce kafin jirgin farko ya iso, sau biyu yana juyawa wajen Sarkin Baka yana cewa, "Arzika, matsa da mutanenka hagu." Nomau ya ce, "To, Baba," ya matsa da su.